Mai Son Karen Jamus Ya Fara Binciken Mai Kiwonsa

Daga Wakilinmu

Tun sa'ad da ma'aikata suka shiga gina gidajen kansu a sababbin unguwanni na bayan gari, inda maƙwabci ke nesa, ofishin 'yan sanda kuma ya fi shi nisa, ajiye karen gadi ya yawaita har a gidajen da a da ba a barin kare ya taka zaure. Ba kuwa kowane irin kare ake nema ba. Wanda ya fi kwanta wa jama'a a rai shi ne ƙaton nan mai tsayayyun kunnuwa da baƙin gadon baya, irin wanda akan gani tare da 'yan sanda, wanda waɗansu ke kira Alseshan, waɗansu kuma karen Jamus. Kuɗin kwikwiyonsa guda yana iya lashe albashin wata na ƙaramin ma'aikaci har ya nemi ciko, ban da abinci da magani waɗanda za su hau kan mai gida har shekara goma ko abin da ya yi kusa da haka. Amma duk da wannan nauyi, mutumin da ba zai yarda ya sayi tsohuwar mota ba sai ya tafi da makanike an buɗe inji an duba, shi ne za ka ga ya tsaya a bakin hanya, an ɗago masa kwikwiyo daga cikin kwali, ya ƙirga kuɗi ya biya, don kawai mai sayarwa ya rantse masa cewa daga Turai aka kawo uban.

Malamai sun yi bayani tuntuni a kan irin karen da aka yarda a ajiye, kamar na farauta da na tsaron dabbobi da gona, sun kuma yi saɓani a kan cinikinsa. Wannan fage nasu ne, mai tambaya sai ya nufe su. Maganarmu a nan ta wanda ya riga ya ƙudura zai saya ce. Abin da ya kamata irin wannan mutum ya sani shi ne, lafiyar kare da halinsa ana fara yanke su tun bai zo duniya ba, a ranar da mai kiwo ya zaɓi wane kare zai haɗa da wace karya, sa'an nan a ɗora a cikin mako takwas na farko da kwikwiyo zai yi a gidan da aka haife shi. Duka biyun a hannun mai kiwo suke, an kuma gama su mai saye ba ya nan. Saboda haka binciken mutumin da ya yi kiwon ya fi zaɓen kwikwiyon kansa muhimmanci.

ASALIN KAREN

Wannan jinsi bai daɗe a duniya kamar yadda mutane ke zato ba. A shekarar 1899 wani kyaftin na sojan doki a ƙasar Jamus, mai suna Max von Stephanitz, ya ga wani karen masu kiwon tumaki a wurin nunin karnuka a garin Karlsruhe, ya saye shi, ya raɗa masa suna Horand. A watan Afrilu na wannan shekara ya kafa ƙungiyar masu kiwon irinsa, wadda ake taƙaita sunanta da SV, Horand kuwa shi ne na farko a littafin rajistarta. Don a tabbatar da kamanninsa da halinsa a cikin zuriya, sai aka yi ta haɗa 'ya'yansa da jikokinsa da junansu, har ya zama kusan duk karen Jamus na asali da ke duniya yau, in aka bi salsalarsa, sai ta tuƙe gare shi. Sunan Alseshan kuwa Turawan Ingila ne suka ƙago shi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da ba a son jin sunan Jamus a ƙasarsu, suka jingina karen ga yankin Alsace da ke kan iyakar Faransa da Jamus. Sai a 1977 suka maido masa da sunansa, amma mu da muka koya daga bakinsu har yanzu ba mu saki na aron ba.

Abin da ake nufi da kare mai asali ke nan, watau wanda iyayensa da kakanninsa duk suna cikin littafin rajista guda, ba a kuma shigar da baƙon jini cikin zuriyar. Amfanin wannan a fili yake. Mai saye ya san tun daga farko cewa namiji zai kai nauyin kilo 30 zuwa 40, tamace kilo 22 zuwa 32, ya san irin gashinsa, ya san kare ne mai saurin ɗaukar horo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai hanyar da gudu ke bi ya sauko daga iyaye zuwa 'ya'ya, ita ɗingishi ke bi, kuma in dangi ya yi ta zagayawa a cikin kansa, aibin da ke ɓoye a jini yakan sami damar fitowa fili.

Babban aibin da ya addabi karen Jamus shi ne ciwon kwatangwalo. A jikin lafiyayyen kare, kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune daram a cikin gurbinsa a ƙashin ƙugu, kamar yadda taɓarya ke zama cikin turmi. A jikin mai wannan ciwo kuwa gaɓar sakwa-sakwa take, gurbin bai yi zurfi ba, sai ƙashi ya riƙa gogar ƙashi, guringuntsi ya cinye, gaɓar ta kumbura ta sandare. Abin da ya sa ciwon ke yaudarar masu saye shi ne, kwikwiyon da ya gada ana haihuwarsa da gaɓa mai kyau, yana kuma tsalle-tsalle kamar sauran 'yan'uwansa. Sai ya yi wata biyar, ko shekara, wani ma sai ya manyanta, sa'an nan a ga yana tashi da ƙyar, in zai yi gudu yana haɗa ƙafafun baya yana tsalle irin na zomo, ba ya son hawa matakala. A lokacin an riga an shaƙu da shi, yara sun sa masa suna, mai kwali kuwa ya daɗe da canja bakin hanya. A shekarar 2017 masu bincike na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan sun duba bayanan karnukan Jamus da ake kaiwa asibitocin dabbobi a Birtaniya. Sun tarar matsakaicin tsawon ransu shekara 10 ne da 'yan watanni, kuma abubuwa biyu da suka fi jawo mutuwarsu su ne ciwon ƙashi da gaɓoɓi, kimanin kashi 16 cikin ɗari, da kasa tsayuwa, kimanin kashi 15 cikin ɗari. Karen gadin da ba ya iya miƙewa tsaye kuwa, kowa ya san ranarsa.

Ba a gane wannan ciwo da ido a jikin iyaye, domin karya tana iya ɗauke da shi tana tafiyarta lafiya lau. Hoton ƙashi ne ke nuna shi. A Amurka akwai wata cibiya mai suna OFA da aka kafa a 1966 don wannan aiki, ba ta kuwa ba da cikakkiyar shaida sai kare ya cika shekara biyu. A Birtaniya ana ɗaukar hoton in kare ya cika shekara ɗaya, likitoci su ba kowace gaɓa maki daga 0 zuwa 53, a haɗa biyun ya zama daga 0 zuwa 106, kuma ƙarancin maki shi ne alheri. A Jamus kuwa ƙungiyar SV ba ta yarda a yi barbara da kare ba sai an ɗauki hoton kwatangwalonsa da gwiwar ƙafarsa ta gaba, ya kuma ci jarrabawar aiki. Wanda ake nema wa babbar shaidar cancanta har sassarfa ta kilomita 20 yake yi a gefen mai keke, kuma ƙungiyar tana da jami'ai masu zuwa gida su duba 'yan kwikwiyo tun suna shan nono. To, mai sayarwar da ke tinƙaho da cewa karensa jinin Jamus ne, a tambaye shi ko ya taɓa jin labarin hoton kwatangwalo. Amsar da zai bayar za ta nuna irin saninsa da sana'ar.

Akwai kuma wata cuta ta laka wadda ke kama waɗansu karnukan Jamus in sun tsufa, ƙafafun baya su mutu sannu a hankali. A 2009 masana a Jami'ar Missouri ta Amurka da abokan aikinsu suka gano ƙwayar gadon da ke da alaƙa da ita, yanzu kuma ana iya gwada iyaye da ɗan yawu ko jini kafin a haɗa su.

ABIN DA YA FARU A INGILA

Kada mai karatu ya ɗauka takardar rajista ita ce maganin wannan duka. Ƙasar da ta fi kowace daɗewa da tsarin rajistar karnuka ita ce Ingila, inda aka kafa ƙungiyar Kennel Club tun 1873, amma a can ne asiri ya tonu. A watan Agusta na 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri a kan karnuka masu asali, aka ga waɗanda suka ci kyaututtuka a nuni alhali suna fama da ciwon gado, aka ga karnukan Jamus da aka yi ta zaɓen masu gangararren baya, don ana ganin ya fi kyau, har ƙafafunsu na baya suna tangaɗi. Jama'a suka fusata, BBC ta daina nuna babban bikin karnuka na Crufts da ta shekara da shekaru tana nunawa. A 2009 Kennel Club ta daina yi wa kwikwiyo rajista in an same shi ta haɗa uba da 'yarsa, ko uwa da ɗanta, ko 'yan'uwa ciki ɗaya. Abin lura a nan shi ne, kafin wannan shekara duk irin waɗannan kwikwiyoyi da takardunsu na asali ake sayar da su. Daga 2012 kuma ta ƙayyade cewa ba za ta yi rajistar haihuwa fiye da huɗu daga karya ɗaya ba. Duk da haka a bikin Crufts na 2016 wata karyar Jamus mai gangararren baya, wadda aka ga tafiyarta ba daidai ba, ta zo ta ɗaya a jinsinta, aka sake tayar da ƙura.

Sa'an nan ga masu kiwo irin na kaji, waɗanda ke tara karyoyi da yawa a keji, a yi musu barbara duk lokacin da suka zo, watau kusan sau biyu a shekara, a ƙwace 'ya'yan tun ba su isa yaye ba a miƙa wa dillalai da kantuna. Don a karya wannan sana'a gwamnatin Ingila ta yi dokoki a jere. Daga Afrilu 2016 ya zama tilas a sa wa kowane kwikwiyo 'yar ƙwayar na'ura mai lamba, kamar girman ƙwayar shinkafa, a ƙarƙashin fatar wuya, don a san daga inda ya fito. Daga Oktoba 2018 duk wanda karyoyinsa ke haihuwa sau uku ko fiye a shekara yana sayarwa sai ya yanki lasin, kuma mai lasin ba shi da ikon sayar da kwikwiyon da bai cika mako takwas ba, ko ya nuna shi ga mai saye ba tare da uwarsa ba. Daga ranar 6 ga Afrilu 2020 kuma aka hana dillalai da kantuna sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba. Ana kiran wannan doka da sunan wata karya, Lucy, da aka ceto daga irin wannan gidan kiwo a yankin Wales a 2013, bayanta ya tanƙware saboda zaman keji.

Waɗannan dokoki na Ingila ne, ba su hau kanmu ba. Amma dalilan da suka sa aka yi su ba su san iyakar ƙasa ba, kuma ba abin da zai hana mai saye a Kaduna ko Kano ko Jos ya ɗora wa kansa su, ya ce ba zai saya daga dillali ba, ba zai karɓi wanda bai cika mako takwas ba, ba zai biya ba sai ya ga uwa.

JE KA GA UWAR

Gani ya kori ji. Mai kiwon kirki ba ya ƙin a zo gidansa, hasali ma shi zai nemi a zo. Wanda ya ce a haɗu a tasha ko a gidan mai, ko ya ce zai aiko yaro da kwikwiyon a kan babur, ko ya ce uwar tana gona, ko tana asibiti, ko ta faye faɗa ba a ganinta, to, ya riga ya ba da amsa. In dillali ne, bai san komai game da iyayen ba, abin da aka faɗa masa yake maimaitawa. In kuwa da gaske uwar ta faye faɗa har ba a iya nuna ta, wannan ma dalili ne na fasawa, domin tsoro da saurin cizo ana gadonsu, ana kuma koyonsu daga uwa. Mutane da yawa suna zaton karen gadi nagari shi ne mahaukacin faɗa. A ganina wannan kuskure ne mai tsada. Karen da ke cizo don tsoro ba ya bambanta ɓarawo da almajiri ko ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo, kuma mai gida ne zai tsaya gaban hukuma ya yi bayani. Abin da ake so shi ne uwa mai natsuwa, wadda za ta yi haushi in ta ga baƙo, ta kuma yi shiru in mai ita ya yi magana.

A tabbata kuma uwar ce ta gaske. Karyar da ta shayar ana gani a nonuwanta, 'ya'yan kuma suna binta, ita ma tana kula da su. A dubi jikinta: 'yar rama bayan shayarwa ba laifi ba ce, amma haƙarƙari a waje da zubewar gashi da miki a kunne alamun rashin kulawa ne. A tambayi shekarunta da yawan haihuwarta. Wadda aka yi wa barbara ba ta cika shekara ba, ko wadda ke haihuwa a kai a kai ba hutu, an mayar da ita injin kuɗi. Uban sau da yawa ba ya gidan, domin akan kai karya wani wuri ne a yi barbara, wannan ba abin zargi ba ne, amma ya kamata a faɗi inda yake, a kuma iya zuwa a gan shi.

Dalilin nacewa a kan ganin iyaye ya wuce batun lafiya. A mako shida ko takwas, kwikwiyon karen Jamus na gaske da wanda aka gauraya da karen gida kusan kamarsu ɗaya ga wanda bai ƙware ba. Yawancinsu da duhun gashi ake haihuwarsu, launi sai daga baya yake buɗewa. Kunnuwa ma a kwance suke, tsayuwarsu takan ɗauki watanni, wani lokaci su tashi su sake faɗuwa sa'ad da ake canja haƙora. Saboda haka duk wanda ya saya ba tare da ganin iyaye ba, cinikin biri a sama ya yi, sai bayan wata shida zai san abin da ya kawo gida.

Batun mako takwas kuwa, ba don nono kawai ba ne. Waɗansu masana biyu na Amurka, Scott da Fuller, sun shekara da yawa suna nazarin 'yan kwikwiyo a wata cibiyar bincike a jihar Maine, suka buga sakamakon a 1965. Sun nuna cewa tsakanin mako na uku da na goma sha biyu ne kwikwiyo ke koyon zama da 'yan'uwansa da mutane, abin da bai saba da shi ba a wannan lokaci yakan tashi yana tsoronsa. A wurin wasa da 'yan'uwa yake koyon sassauta cizo, domin in ya ciji ɗan'uwa da ƙarfi wasa ya tashi. Wanda aka raba da uwa a mako huɗu ya rasa wannan makaranta. Haka nan wanda aka kulle a ɗakin ajiya bai taɓa ganin yaro ko akuya ko jin ƙarar janareta ba. Mai sayarwa yana iya ƙara wa kwikwiyo kwanaki da baki, amma haƙora ba sa ƙarya: na nono sukan fara fitowa a wajen mako na uku, su cika 28 a wajen mako na shida zuwa na takwas. Wanda aka ce ya yi wata biyu alhali bakinsa rabi dasashi ne, a bar shi wurin uwarsa.

A duba wurin kwanansu, ko da inuwa da iska da ruwa mai tsabta, ko kuwa wari ne ke tarar mutum tun daga ƙofa. A duba dukan 'yan kwikwiyon, ba wanda aka miƙo kawai ba. Ido mai kwantsa, hanci mai majina, dasashi fari fat, gindi mai busasshen zawo, ciki ƙato a kan siraran ƙafafu, duk alamu ne na ciwo. Ƙaton ciki sau da yawa tsutsa ce, wadda kwikwiyo ke samu tun yana cikin mahaifa, shi ya sa ake fara ba su maganinta tun suna da mako biyu, a kuma maimaita. Waɗansu kuma sukan cusa wa kwikwiyo abinci ya yi ɓulɓul don ya burge mai saye. Ƙiba ba alheri ba ce ga jinsin da ke da raunin kwatangwalo. A wani nazari da aka yi a Amurka a kan karnuka 48 na jinsin Labrador, wanda aka buga ƙarshensa a 2002, waɗanda aka rage wa kashi ɗaya cikin huɗu na abinci sun fi 'yan'uwansu lafiyar gaɓoɓi, sun kuma fi su daɗewa da kusan shekara biyu.

KATIN ALLURA DA KASKA

Takardar asali kowa yana iya buga ta a shagon kwamfuta, da hatimi da hoton kare. Darajarta ita ce a iya tuntuɓar ƙungiyar da ta bayar ta tabbatar da lambar, lambar kuma ta dace da ta ƙwayar na'urar da ke jikin uwa ko uba, wadda likita ke karantawa. Takardar da ta fi wannan amfani ga yawancin masu saye ita ce katin allura. Cutar fabo, mai sa amai da gudawar jini, wadda ta ɓulla a duniya a 1978, tana iya kashe kwikwiyo cikin kwana biyu ko uku, ƙwayarta kuma takan yi watanni a ƙasa ba ta mutu ba, har wanda ya yi rashin kwikwiyo ya sayo wani ya sake rasa shi a fili guda. Ana fara riga-kafinta a mako na shida zuwa na takwas, a maimaita bayan 'yan makonni har kwikwiyo ya kai mako goma sha shida. Katin ya nuna ranar da aka yi, da tambarin kwalbar, da sunan likitan da ya yi, a kuma nemi likitan a ji daga bakinsa. Mai kiwon da ya ce shi da kansa yake sayo allura ya yi, a tambaye shi inda yake ajiye ta. Wannan magani yana bukatar sanyin firji ba yankewa, wanda ya kwana a aljihu ko a firjin da wuta ta ɗauke masa ya zama ruwa.

Allurar haukan kare kuwa sai kwikwiyo ya cika wata uku, watau yawanci nauyinta a kan mai saye zai faɗa, amma a nemi shaidar cewa an yi wa uwa. Wannan ba abin wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kimanin 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kusan duka kuma ta hanyar cizon kare, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, ta daɗe tana sarrafa wannan allura, ofisoshin likitocin dabbobi na jihohi kuma aikinsu ne yin ta.

Har wa yau akwai abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne a ƙofarmu, watau kaska. Jar kaskar kare tana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai shiga jini, wadda aka fara ganowa a Aljeriya a 1935. Tana sa zazzaɓi da rama da haɓo, likitoci kuma sun daɗe da lura cewa ta fi yi wa karen Jamus illa fiye da sauran jinsuna. A ƙarshen shekarun 1960 ta kashe karnukan sojan Amurka da yawa a Biyetnam, galibinsu na wannan jinsi. Saboda haka a buɗa kunnen uwa da tsakanin yatsunta, a dubi tsagar bango a inda suke kwana. Gidan da kaska ta kama, da ita za a taho. Ga kuma zafi: kare ne mai gashi ninki biyu da aka yi don sanyin Jamus, ba ya yin gumi a jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi. Zuriyar da ta yi shekaru a nan tana haihuwa lafiya, a ganina, ta fi wadda aka sauke daga jirgi jiya dacewa da bazarar Sakkwato ko Maiduguri.

A nan ya kamata a faɗi wata gaskiya da masu sayarwa ba za su faɗa ba. Karen gida da muke rainawa, irin wanda mafarauta ke fita da shi, ya fi jure zafi da kaska, cinsa kaɗan ne, haushinsa kuma yana tada mai barci kamar na kowane kare. Abin mamaki ma, siririn karen nan na Buzaye da ake samu a kwarin Azawak, arewa da Tawa a Nijar har cikin Mali, Turawa sun ɗauke shi tun shekarun 1970 suka buɗe masa littafin rajista, a 2019 kuma babbar ƙungiyar karnuka ta Amurka ta karɓe shi a cikakken jinsi mai asali. Wanda bukatarsa ƙararrawa ce kawai mai ƙafa huɗu, ya sake lissafi kafin ya zuba albashinsa.

Wanda kuwa ya tsaya a kan karen Jamus, akwai alama ɗaya da ke raba mai kiwon kirki da ɗan kasuwa tun kafin a kai ga farashi: shi ma zai yi tambaya. Zai so ya san ko gidan yana da katanga da inuwa, ko akwai ƙananan yara, wa zai riƙa fita da karen yawo, ko sarƙa za a sa masa ya wuni a rana, me za a yi da shi in an yi wa mai gida canjin wurin aiki. Yana iya ma cewa a jira, domin cikin karya kwana 63 ne ko kusa, kuma mai karya ɗaya ko biyu ba kullum yake da kwikwiyo ba. Wanda a kowane lokaci yana da kowane jinsi, ga Alseshan, ga Rottweiler, ga Boerboel, duk a keji ɗaya, sari yake yi. In an daidaita, a rubuta yarjejeniya ko da ta shafi ɗaya ce, da shaidu: ranar haihuwa, sunayen iyaye da lambobinsu in akwai, allurai da maganin tsutsa da aka yi, irin abincin da kwikwiyo ya saba da shi, da sharaɗin cewa mai saye zai kai shi wurin likitan da shi ya zaɓa cikin kwana biyu ko uku, in an sami ciwo a mayar da shi a karɓi kuɗi. Kafin allurai su cika a mako na goma sha shida, kada a bar shi ya taka inda baƙin karnuka ke kashi.